Amanar Wasiƙa a Lokacin Yaƙi: Jiragen 'Yan Ba-Ruwanmu a Tashoshin Mulkin Mallaka



Waɗansu daga cikinmu sun taɓa ganin irin tsohon ambulan ɗin nan da akan tarar a ƙasan adakar tsofaffi, wanda aka aiko a zamanin Yaƙin Hitila, da kan sarki mai hoton Sarki Joji na Shida. In aka duba gefensa za a ga an tsaga shi, sa'an nan an liƙe da wata 'yar farar takarda mai rubutun Turanci da lamba. Abin da rubutun ke cewa shi ne, mai bincike lamba kaza ya buɗe wannan wasiƙa. Babu sunansa, babu ban haƙuri. Mutum ya zauna ya rubuta wa ɗan'uwansa abin da ke ransa, amma wani baƙo wanda bai taɓa gani ba shi ya riga karantawa.

To, wanda gwamnatin da ke mulkinsa ta shiga yaƙi, in an buɗe wasiƙarsa ana iya ce masa ya yi haƙuri, halin yaƙi ne. Abin da muke so mu duba yau ya fi wannan sarƙaƙiya. A ce a shekarar 1940 wani tsoho a ƙasar Fotugal ya rubuta wa ɗansa da ke ci-rani a Amurka. Fotugal ba ta yaƙi, Amurka ba ta shiga ba tukuna, jirgin ruwan da ya ɗauki wasiƙar kuma na 'yan ba-ruwanmu ne, watau na ƙasar da ba ta bayan kowa a cikin rigimar. Duk da haka sai wasiƙar ta isa a tsage, da lambar ma'aikacin gwamnatin Ingila a kanta. A ina aka tsaga ta, kuma da wane iko? Mu a binciken da muka yi, mun ga amsar tana cikin taswirar mulkin mallaka fiye da yadda take cikin littattafan lauyoyi.

Bari mu fara da dokar, don kada a ce mun yi wa kowa ƙage. Tun a 1874 ƙasashe suka taru a birnin Bern suka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya, bisa sharaɗin cewa wasiƙa tana da 'yancin ratsa kowace ƙasa ta wuce zuwa inda aka aika ta. Wannan a lokacin zaman lafiya ke nan. A lokacin yaƙi kuwa babu tsayayyar ƙa'ida, kowa da yadda ƙarfinsa ya ba shi. Abin mamaki, Ingila ce ta fi kowa ɗaga murya a kan alfarmar jirgin wasiƙu, a sa'ad da ita ce 'yar kallo. A watan Nuwamba na 1861, ana cikin yaƙin basasar Amurka, wani jirgin yaƙi na gwamnatin Arewa mai suna San Jacinto, a ƙarƙashin Kyaftin Charles Wilkes, ya tare Trent, jirgin wasiƙu na Ingila, kusa da tsibirin Kyuba, ya sauke wakilan 'yan tawayen Kudu guda biyu, Mason da Slidell. Ko buhun wasiƙa ɗaya bai ɗauka ba. Amma Ingila ta harzuƙa, ta aika da soja Kanada, ta ce an ci mutuncin tutarta, har sai da gwamnatin Lincoln ta saki mutanen nan biyu. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Da ta juyo kanta kuwa, sai aka ga wani hali daban. A ƙarshen 1899, lokacin da take yaƙi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu, mayaƙan ruwanta suka kama Bundesrath, jirgin wasiƙu na Jamus, a kan hanyarsa ta zuwa Lourenço Marques, tashar Fotugal wadda yanzu ake kira Maputo. Suka kai shi Durban, suka sauke kayansa ana neman makamai. Aka tsare wani mai suna General a Aden. Ba a sami abin da ake nema ba, aka sake su, aka biya diyya. Ku lura da sunayen nan biyu, Durban da Aden, dukansu tashoshi ne na ƙasashen da Ingila ta mallaka. A 1904 kuma, a yaƙin Rasha da Japan, wani jirgin Rasha ya tare Prinz Heinrich na Jamus a Bahar Maliya ya kwashe buhunan wasiƙun da za a kai Japan.

Irin waɗannan abubuwa ne suka sa da aka zo babban taron birnin Hague na ƙasar Holan a 1907, Jamus ta kawo shawara a keɓe wasiƙa daga ganimar yaƙi. Ƙasashe 44 suka halarci taron, babu ta Afirka ko ɗaya. Mu a nan shekara huɗu ke nan da cin Kano da Sakkwato. Yarjejeniya ta goma sha ɗaya da aka sa wa hannu ran 18 ga Oktoba ta ce duk wasiƙar da aka samu a tsakiyar teku, ko ta gwamnati ce ko ta talaka, ko a jirgin abokin gaba ko a na ɗan ba-ruwanmu, ba a taɓa ta. In ma an tsare jirgin, wajibi ne wanda ya tsare ya tura wasiƙun gaba ba da ɓata lokaci ba. Abin da aka togace kawai shi ne wasiƙar da za ta shiga ko ta fito daga tashar da aka yi wa ƙawanya, in jirgin ya karya ƙawanyar. Hujjar da aka kawo a lokacin ita ce, a zamanin tangaraho babu mai hankalin da zai sa asirin yaƙi a ambulan ya jira mako biyu ko uku, tun da ga waya. Ingila ta amince, Jamus ta amince, Amurka ta amince.

Hujjar nan ba ta kai ko kwana biyu ba bayan Ingila ta shiga yaƙi. Ran 5 ga Agusta 1914 Turawan Ingila suka yanke wayoyin Jamus da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku. Daga ranar nan Bajamushen da ke son magana da wakilinsa a Amurka ko Ajantina sau da yawa sai ya koma wa wasiƙa. Ambulan ya sake zama abu mai daraja, masu ƙawanya kuma suka fara hararar buhunan wasiƙu.

A nan ne lauyoyin Landan suka nuna gwanintarsu. Suka ce yarjejeniya ta yi maganar wasiƙar da aka samu a tsakiyar teku, ba ta ce kome ba a kan wadda aka samu a cikin tasha. Jirgin da ya shigo tashar Ingila da ƙafarsa ya shiga ƙarƙashin dokar Sarkin Ingila, kamar yadda baƙo ke bin dokar garin da ya sauka. Saboda haka, daga ƙarshen 1915, jiragen Holan da Denmak da Norwe da Suwidin da suka biya ta Falmouth ko Kirkwall sai a sauke musu buhunan wasiƙu a kai Landan a tace. Sauran aiki shi ne a tabbatar kowane jirgi ya shigo da ƙafar tasa. Tun Nuwamban 1914 an shelanta cewa Tekun Arewa fagen fama ne, an dasa nakiyoyi, wanda ke son hanya mai lafiya sai ya zo a nuna masa. Wanda ya ƙi biyawa, a tare shi a teku a rako shi. Sa'an nan ga maganar kwal. Jirgin wancan zamani da kwal yake tafiya, mafi yawan kwal ɗin da ake sayar wa jirage na Ingila ne, rumbunansa kuma suna Jibralta da Malta da Aden da Kolambo da Singafo da Freetown da Cape Town. Kamfanin da ya ƙi bin sharaɗi sai a hana shi kwal.

Mu da muka ji labarin fataken Gwanja a bakin kakanninmu ba mu bukatar dogon bayani a nan. A ce sarakuna sun yi alkawari ba wanda zai kwance kayan ayari a daji. Amma sarki ɗaya ya mallaki kowace rijiya da kowane zango da kowane mafitar kogi daga Kano har Salaga, ya kuma ce duk wanda ya sauka a zangonsa za a kwance masa kaya, ai shi ya kawo kansa. Alkawari yana nan ba a karya ba. Madugu kuwa sai ya zaɓa, ko ƙishirwa ko bincike.

Abin da Sakataren Harkokin Wajen Amurka, Robert Lansing, ya faɗa ke nan a takardar ƙorafinsa ta watan Mayu 1916, cewa jirgin da aka tilasta masa ko aka ja shi da dabara zuwa tasha ba za a ce ya zo da son ransa ba, kuma babu bambanci tsakanin wannan da kwashe wasiƙu a tsakiyar teku. 'Yan kasuwar Amurka suka yi ta kukan cewa takardun kaya da na kuɗi suna makara har ciniki ya lalace, waɗansu ma suka yi zargin ana miƙa asirin cinikinsu ga abokan gasarsu na Ingila, zargin da Landan ta musa. A watan Yulin shekarar kuma Ingila ta fito da jerin kamfanonin Amurka fiye da 80 da ta haramta wa mutanenta hulɗa da su, kowa kuwa ya san karatun wasiƙu yana cikin hanyoyin da ake tara irin waɗannan sunaye.

Adalci ya sa mu faɗi abin da Ingila da Faransa suka amsa, don ba maganar banza ba ce. Suka ce ƙunshin kaya ba wasiƙa ba ne ko da an aiko shi ta gidan waya, kuma sun nuna ɗanyen roba da aka cusa a cikin ƙunshe-ƙunshe za a kai Jamus, inda ake matuƙar bukatarsa don tayoyin motocin soja. Suka ce takardun kuɗi da hannayen jari dukiya ce, ana iya kama ta. Ba kuwa yadda za a san abin da ke cikin ambulan sai an buɗe. Suka ƙara da cewa su dai suna karantawa su liƙe su tura, Jamus kuwa jiragenta na ƙarƙashin ruwa suna aika jirgi da wasiƙunsa gaba ɗaya zuwa ƙasan teku, kamar yadda aka yi wa Tubantia, babban jirgin Holan, a watan Maris 1916. Aka yi ta musayar takardu har Amurka ta shiga yaƙin a Afrilun 1917, maganar ta mutu. A cikin watan nan ne ma aka sauke wani fasinja daga jirgin Norwe a tashar Halifax ta Kanada aka tsare shi kusan wata guda. Sunansa Leon Trotsky, yana hanyar komawa Rasha. Hannun da ke sauke buhu bai sha wahalar sauke mutum ba.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a Satumban 1939, ba a tsaya gwaji ba, an riga an san hanya. Sai dai a wannan karon nauyin aikin ya koma kan ƙasashen mulkin mallaka sosai, musamman bayan faɗuwar Faransa a Yunin 1940, sa'ad da Lisbon ta zama kusan ita kaɗai ce ƙofar da ta rage tsakanin Turai da sauran duniya. Jirgin da zai shiga ko ya fita Bahar Rum sai ya tsaya a Jibralta. Wanda zai ƙetare Atlantika ta tsakiya, ga Bamuda. Wanda ya nufi Amurka ta Kudu, ga Trinidad. A gaɓarmu ta Afirka ta Yamma ga Freetown, inda ayarin jirage ke taruwa kafin su nufi Ingila. Daga tsakiyar 1940 aka ƙara ɗaure igiya: kamfanin da ke son jiragensa su sami kwal da mai da ruwa da gyara a tashoshin daular, da inshora a Landan, sai ya karɓi wata takardar izini, ya yi alkawarin bin ƙa'idojin ƙawanya, kayansa kuma su kasance da takardar shaida daga ofishin jakadancin Ingila tun daga inda aka yi lodi.

Bamuda ta cancanci mu daɗe a kanta kaɗan. 'Yan tsibirai ne ƙanana a cikin Atlantika, faɗinsu duka bai wuce murabba'in mil 21 ba, suna hannun Ingila tun farkon ƙarni na 17. A watan Janairu 1940 wani jirgin saman kamfanin Pan American, irin mai sauka a kan ruwa, ya yada zango a can a kan hanyarsa ta zuwa Lisbon. Aka ce a sauke wasiƙu, kyaftin ya ƙi, aka kawo masu ɗauke da makamai, aka sauke. Jaridun Amurka suka yi ca, kamfanin ya daina biyawa ta tsibirin na ɗan wani lokaci. Amma kafin shekarar ta ƙare an mai da wani babban otal na garin Hamilton, mai suna Princess, ya zama ma'aikatar tace wasiƙu. Aka kawo ma'aikata fiye da 1,000 daga Ingila, yawancinsu mata, masu jin harsuna iri-iri. Jiragen ruwan kamfanin American Export Lines masu zirga-zirga tsakanin Lisbon da New York suna tsayawa, jiragen sama suna tsayawa, a kwashe buhuna, fasinjoji na shan shayi ana aiki. Akwai masu karatu, akwai masu gwada takarda da magunguna don tono rubutun ɓoye, akwai gwanayen buɗe ambulan da tururi su mayar ba alama. Daga 1941 Jamusawa suka fito da dabarar rage hoton shafi guda ya koma kamar ɗigon aya, a liƙa shi a cikin wasiƙar gaisuwa, sai aikin ya koma na madubin ƙara girma.

Sun kuwa yi kamu. A 1940 aka buɗe ma'ajiyar jirgin Excalibur aka fito da zane-zane fiye da 500 na su Renoir da Cézanne da Gauguin, daga dukiyar marigayi Ambroise Vollard, dillalin zane na birnin Faris, bisa zargin kuɗin sayar da su zai amfani abokan gaba. Aka kai su Ottawa aka ajiye har 1949. Wanda ya fi wannan muhimmanci shi ne labarin wasiƙun da wani ke aikowa daga New York zuwa adireshi a Sifen da Fotugal yana sa hannu da sunan Joe K. Masu karatu suka lura Turancinsa yana da ƙamshin Jamusanci, aka gwada takardun, sai ga rubutun ɓoye a baya yana ba da labarin jiragen da ke tashi da kayan yaƙi zuwa Ingila. A watan Maris 1941 mota ta kaɗe wani mutum mai fasfon Sifen a tsakiyar New York ya mutu, 'yan sanda suka rasa gane ko wane ne. Sai ga Joe K ya ba da labarin haɗarin a wasiƙarsa, ashe mamacin babban jami'in leƙen asirin Jamus ne. Da wannan zare aka bi har aka kama Kurt Ludwig a watan Agusta, aka ɗaure shi shekara 20, tare da mutanensa.

A lokacin nan fa Amurka ba ta shiga yaƙi ba, wasiƙun mutanenta ake buɗewa a tashar wata daula, amma 'yan sandanta na ciki suna karɓar sakamakon da hannu biyu. Sakatare Cordell Hull ya yi ƙorafi a ƙarshen 1939 da irin hujjar da Lansing ya kawo, daga nan murya ta yi ta yin ƙasa. A Satumban 1940 Amurka ta ba Ingila tsofaffin jiragen yaƙi 50, ita kuma ta sami izinin kafa sansani na shekara 99 a Bamuda da Trinidad da Jamaika da waɗansu wurare. Ba a tambayi mazauna tsibiran ba. Ran 19 ga Disamba 1941, kwana goma sha biyu bayan harin Pearl Harbor, Amurka ta kafa tata hukumar tace wasiƙu a ƙarƙashin Byron Price, wadda ma'aikatanta suka haura 14,000. Fotugal da Sifen da Suwidin, waɗanda ba su da jiragen yaƙi 50 na bayarwa, suka ci gaba da rubuta ƙorafi ana sa wa a fayil.

Yanzu mu dawo gida, don gaɓarmu ma ta ga nata rabon. A yaƙin farko, da aka ci Duwala a Satumban 1914, Jamusawan Kamaru suka ja cikin ƙasa, hanyar da ta rage musu ta aika wasiƙa ko samun kaya ita ce ta Rio Muni da tsibirin Fernando Po, ƙasar Sifen, 'yar ba-ruwanmu. Don haka a 1915 Ingila da Faransa suka yi wa gaɓar ƙawanya suka sa ido a kan duk abin da ke kai da kawowa. Kakanninmu da aka ɗauka soja suna fama a Garwa da Mora, a can teku kuma ana fama da buhuna. Da abin ya gagara, a farkon 1916 Jamusawan da dubban sojojinsu baƙar fata suka tsallaka Rio Muni suka miƙa makamansu ga Sifen.

Tsibirin nan na Fernando Po, wanda mutanenmu ke kira Fanya, ya sake fitowa a yaƙi na biyu, a wani labari da ke nuna yadda ake juya kalmar nan ta tsakiyar teku. A tashar Santa Isabel, Malabo ta yanzu, akwai jirgin Italiya Duchessa d'Aosta da waɗansu ƙananan jiragen Jamus guda biyu da suka fake. Doka ta hana a taɓa su, tun da tashar ta 'yan ba-ruwanmu ce. A daren 14 ga Janairu 1942, an gayyaci hafsoshin jiragen liyafa a gari, sai waɗansu 'yan ƙundumbala suka shigo da jiragen ja guda biyu da suka taso daga Ikko da yardar Gwamna Bourdillon, suka fasa sarƙoƙin anga da nakiya, suka ja jiragen zuwa teku. A can wani jirgin yaƙin Ingila ya yi kamar ya ci karo da su, ya kama su, aka kai su Ikko. Sifen ta ce fashi ne. Landan ta ce ita dai a tsakiyar teku ta tsince su. Ga wasiƙa, an ce a tasha aka same ta don haka ta halatta. Ga jirgi, an ce a teku aka same shi don haka ya halatta. Sunan da suka laƙaba wa wannan aiki a asirce kuwa, in an fassara, shi ne Shugaban Gidan Waya.

A kan wasiƙun da aka tace a nan yankin, daga tsakiyar yaƙin, akan ga haruffan da ke nuna inda aka buɗe su: PP na Nijeriya ne, QQ na Saliyo, kamar yadda IC ke nuna Bamuda. A ƙarƙashin waɗannan haruffa wasiƙun kowa suka bi, na Baturen kamfani, da na Kwara mai kanti, da na ɗalibi a ƙasar waje, da na leburan Nijeriya da ke aikin gonakin koko a Fanya. Sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 da aka kai Bama su ma sai hafsa ya duba abin da suka rubuto gida. Amma akwai wani abu da ya bambanta mu da mutumin Lisbon ko na Stockholm. Shi yana da gwamnatin da za ta rubuta ƙorafi a madadinsa, ko da ba za a saurare ta ba. Mu tashar tamu ce, ruwan namu ne, masu dakon buhunan daga jirgi zuwa kwastan 'yan'uwanmu ne, amma a cikin dukan takardun da aka yi musaya tsakanin Landan da Washington ba a ambace mu a matsayin masu magana ba. An yi amfani da ƙofar gidanmu aka tare baƙin wani.

Har ila yau, gwamnatin mulkin mallaka ba ta jira yaƙi ba kafin ta fara sha'awar abin da jirage ke kawowa. Tun a shekarun 1920 an haramta jaridar Marcus Garvey, Negro World, a ƙasashe da yawa na Afirka da ke ƙarƙashin Turawa, sai ma'aikatan jirgi baƙar fata ke shigo da ita a ɓoye cikin kayansu. Yaƙi ya zo ya ba da cikakken iko a kan abin da dā ake yi da ɗari-ɗari. Ran 1 ga Satumba 1939, tun kafin Ingila ta shelanta yaƙi, aka kama Wallace-Johnson a Saliyo a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, ba a sake shi ba sai 1944. Shi ba ɗan leƙen asirin Jamus ba ne, ɗan jarida ne mai shirya ƙungiyoyin ƙwadago. Ma'aikatar da aka kafa don kama irin su Ludwig ita ce kuma ke rubuta wa gwamna rahoton abin da jama'a ke faɗa a wasiƙunsu game da tsadar kaya da haraji da mulki.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu zo nan mu yi wa 'yan leƙen asirin Hitila kuka ba, mutumin da ra'ayinsa a kan baƙar fata sananne ne. Jirgin da Ludwig ya ba da labarin tashinsa yana ɗauke da mutane masu rai, a cikin ma'aikatan irin waɗannan jirage kuwa har da 'yan Afirka ta Yamma masu zuba kwal a tukunya. In da an sa ɗayanmu a kujerar mai bincike a Hamilton a 1941, muna zaton da ya buɗe ambulan ɗin, kuma da ya yi barcinsa. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne hanyar da aka bi. Ingila ba ta fito fili ta ce yarjejeniyar 1907 ta gaza ba, a zo a sake ta. Ta bar ta a rubuce, tana rantsuwa da ita, ta kewaye ta da kwal da tashoshi. Ƙasar da ba ta da Jibralta ko Freetown dole ta cika alkawari ko ta fito a mai karya shi, wadda ke da su kuwa ta sami abin da take so, sunanta kuma bai ɓaci ba.

Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wannan zaure za su ƙare a ofisoshin gwamnati, waɗansu sun riga sun fara. Shi ya sa muka fi tsayawa a kan mai lambar nan da ke jikin ambulan. Ba mugu ba ne, akawu ne mai jin harsuna, an ba shi jerin sunaye da littafin umarni. A cikin dubban wasiƙun da suka bi ta hannunsa, ta ɗan leƙen asiri ba ta fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran na uwa ne da ɗanta, da na mai bin bashi, da na masu gudun hijira, Yahudawa da waninsu, da suka cika Lisbon suna jiran takardar lamuni ko kuɗin jirgi daga dangi a Amurka alhali wa'adin bizarsu yana ƙarewa. Shi zai yanke wadda za ta wuce yau, da wadda za a datse wa layi biyu da almakashi, da wadda za a ajiye. Mai wasiƙa ba shi da inda zai kai ƙara, sau da yawa ma bai san an ajiye ba, sai dai ya ga shiru ya zaci an manta da shi.

Waɗanda aka ajiye ɗin ba a ƙone su duka ba. An tara su a buhuna har yaƙi ya ƙare, sa'an nan aka fara sakinsu. Masu tara kan sarki suna da irinsu har yau, da hatimi a fuskar ambulan mai cewa mai binciken Ingila ne ya riƙe, an saki a watan Janairu 1946. Waɗansu an rubuta su tun 1940 ko 1941. Ma'aikatan gidan waya suka ɗauka suka bi adireshin da ke jiki, a garuruwan da bama-bamai suka rushe rabinsu, suna tambaya ko akwai wanda ya san mai wannan suna.